Ƙiyasi da Ƙa'ida wajen Warware Matsala

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa hanyoyin yanke shawara gida biyu. Ta farko ita ce ƙa'idar mataki-mataki, wato algoridim, wadda in an bi ta daidai dole ta kai ga amsa. Sunan ya samo asali daga Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ta biyu ita ce ƙiyasi, ko yanke: hanya mai sauri, amma ba ta da tabbas.

Rabon gado misali ne na ƙa'ida da duk malamin zango ya sani. Ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan a raba saura. In mutum ya bar mata ɗaya da ɗa da 'ya, ba iyaye, kuma abin da ya rage sidi 24,000 ne, matar za ta ɗauki tumuni, wato 3,000, ɗan 14,000, 'yar 7,000. Ko a unguwar Nima ta Accra aka lissafa ko a Aboabo ta Kumasi, amsar ɗaya ce. Kuskure yakan shigo ne ta tsallake mataki, kamar mantawa da bashi.

Sai dai ƙa'ida tana cin lokaci. Mai kai kaya shaguna 10 a kasuwar Kejetia ta Kumasi, in ya ce sai ya gwada kowane jeri kafin ya zaɓi mafi gajarta, jeri 3,628,800 ke gabansa. Ba mai yin haka. Shagon da ya fi kusa yake fara nufa. Herbert Simon, masanin Amurka wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya nuna cewa mutum yakan tsaya ne a kan abin da ya wadatar, domin lokacinsa da saninsa suna da iyaka.

A 1974 masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman suka bayyana ƙiyasi iri uku da inda kowanne ke kayar da mutum: hukunci da kamanni, hukunci da abin da ya fi saurin faɗowa a rai, da maƙalewa a lambar farko. Na ukun ya fi shafar 'yan kasuwa. A gwajinsu an juya wani faifai mai lambobi ya tsaya kan 10 ko 65, sannan aka tambayi mutane kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Masu 10 suka ce wajen 25, masu 65 suka ce wajen 45, alhali faifan bai da alaƙa da tambayar. Haka farashin da mai kaya ya fara faɗa ke jan tayin mai saye, ko da an ce albarka sau uku. Maganinsa shi ne mai saye ya tambayi farashi a rumfa biyu ko uku, ya tsayar da iyakarsa a zuci kafin ya buɗe baki.