Ɗa'ifiyya: kalmar da ke bayan faɗa da shirin 'yan siyasar Labanon

Duk mai bin labaran Labanon ko Iraƙi a tashoshin Larabawa ya san wannan kalma, ɗa'ifiyya, da wuya a yi hirar siyasa ta minti goma wani bai jefo ta ba. Asalinta daga ɗa'ifa ne, wato wani rukuni ko ɓangare na jama'a, kuma wanda ya yi karatun allo ya taɓa cin karo da ita a Suratul Hujurat inda aka ce idan ɗa'ifa biyu daga cikin muminai suka yi faɗa a sulhunta su. Kar a haɗa ta da da'ifi na hadisi mai rauni, harafin farko ma ba ɗaya ba ne.

A bakin 'yan siyasa kuwa ma'anarta ta wuce haka. Mu kan fassara ta da ɓangaranci ko ƙabilancin addini, to amma fassarar ta ɗan gaza, don in ka ce ɓangaranci mutum zai ɗauka ƙiyayya ce kawai a zuciya, wane ba ya son wane saboda mazhabarsa. Ɗa'ifiyya ta siyasa tsari ce, a rubuce a doka ko a al'adar da ta zama kamar doka, inda ake raba kujerun mulki da manyan muƙamai har da guraben aikin gwamnati gwargwadon ɗa'ifar da aka haifi mutum a ciki. Ba ruwan tsarin da ko kana sallah ko kana zuwa coci, ko ma ba ka yarda da komai ba, abin da ke rubuce a rajistar gidanku shi ne kai.

Labanon ce babban misali. Ƙasar ta amince da ɗa'ifa 18 a hukumance, akwai Kiristoci Maroniyawa, da Otodoks, da Katolika, da Armeniyawa, da Sunni, da Shi'a, da Duruz, da Alawiyawa da sauransu. A 1943 lokacin karɓar 'yanci daga Faransa, Bishara al-Khuri da Riyad al-Sulh suka yi wata yarjejeniya ta baka, ba a ma rubuta ta ba: shugaban ƙasa Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa kuma aka bar wa Shi'a, a majalisa Kiristoci su samu kujera 6 duk inda Musulmi suka samu 5. Lissafin ya dogara ne da ƙidayar 1932, kuma abin mamaki har yau ba a sake wata ƙidayar ba, don kowa na tsoron abin da alƙaluma za su tona. Bayan yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990 da ake ƙiyasta ya ci rai kusan 150,000, yarjejeniyar da aka yi a garin Ɗa'if na Saudiyya a 1989 ta mayar da majalisa rabi da rabi, yanzu kujera 128 ce, 64 na Kiristoci 64 na Musulmi, aka kuma rage wa shugaban ƙasa ƙarfi aka ƙara wa majalisar ministoci. Sunan garin da sunan matsalar sun zo daga tushe ɗaya, wannan kam kamar da gangan.

To ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka shi ke nan kullum Kirista na gefe ɗaya Musulmi na gefe ɗaya, ko Sunni can Shi'a nan, ana hararar juna. Ba haka abin yake tafiya ba sam. Tunda kujerar shugaban ƙasa ta Maroniyawa ce, babu wani ɗan Shi'a ko Sunni da zai taɓa ƙwace wa Maroni ita, wanda zai ƙwace ɗin ɗan uwansa Maroni ne. Ka ga ke nan babban kishiyarka yana cikin gidanku, wanda ke wata ɗa'ifar kuwa ba abokin takara ba ne, ƙuri'a ce da za ka iya nema. Ga shi kuma yadda ake zaɓe ya ƙara wa abin armashi, kujera ce kawai ake ware wa ɗa'ifa amma duk masu zaɓe na mazaɓar ne ke jefa ƙuri'a, sai ka ga ɗan majalisa Kirista ya hau da ƙuri'un 'yan Shi'a ko na Duruz. Shi ya sa ƙawance ke tsallake layin addini cikin sauƙi, gaba mai zafi kuma ta fi yawa a cikin gida.

Dubi Mishel Aun. A 1989 yana shugaban sojoji kuma yana riƙe da ɗaya daga cikin gwamnatoci biyu da ƙasar ke da su a lokacin, ya shelanta yaƙin da ya kira na 'yanto ƙasa daga Siriya. A 1990 kuma ya gwabza da Samir Ja'ja' shugaban mayaƙan Ƙuwwat, Kirista Maroni ɗan uwansa, yaƙin da ya yi kaca-kaca da unguwannin Kiristoci. Ranar 13 ga Oktoba 1990 sojojin Siriya suka fatattake shi daga Ba'abda, fadar shugaban ƙasa, ya ƙare da gudun hijira a Faransa. Ya dawo a watan Mayu 2005, ba a yi shekara ba, ranar 6 ga Fabrairu 2006, sai ga shi zaune da Hassan Nasrallah, shugaban ƙungiyar Hizbullah ta 'yan Shi'a a lokacin, a cocin Mar Mikha'il suna sa hannu kan takardar fahimtar juna, wato ya haɗa kai da babban abokin ƙawancen Siriyar da ta kore shi. Abin bai tsaya nan ba, a Janairun 2016 Ja'ja' ɗin da suka yi yaƙi ya fito a gidansa na Ma'arab ya ce Aun yake goya wa baya a shugabancin ƙasa. Me ya kawo haka? Ba wai soyayya ce ta sauko daga sama ba, Sa'ad Hariri, jagoran 'yan Sunni a lokacin, shi ne ya fara karkata ga Sulaiman Faranjiyya, wani ɗan takarar Maroni, shi kuwa Ja'ja' a lokacin gara kowa da Faranjiyya. A ƙarshen Oktoba 2016 aka zaɓi Aun bayan kujerar ta yi wata 29 babu kowa a kai, ba a daɗe ba kuma shirin Ma'arab ɗin ya watse a kan rabon ministoci.

Maganar Ja'ja' da Faranjiyya ita ce mafi nauyi a wurina. A watan Yuni 1978 mayaƙan jam'iyyar Kiristoci ta Kata'ib suka kai hari garin Ihdin suka kashe Toni Faranjiyya da matarsa da ƙaramar 'yarsa da mutane da dama, Ja'ja' yana cikin waɗanda suka fita harin, shi dai ya sha cewa an harbe shi kafin a kai ga gidan. Sulaiman ɗan Toni yana yaro lokacin, ba ya gida shi ya sa ya tsira. Shekara 40 cur, a Nuwamba 2018, mutanen biyu suka yi musabaha a Bkirki gaban shugaban cocin Maroniyawa Bishara al-Ra'i. Duka Maroniyawa ne fa, duka daga arewacin ƙasar.

'Yan Shi'a ma haka. Yau in ana magana sai ka ji ana cewa tagwayen Shi'a, ana nufin Amal ta Nabih Berri da Hizbullah, kamar tare aka haife su. Alhali daga 1988 zuwa 1990 yaƙi suka yi na gaske a kudancin ƙasar da kudancin Beirut, har ake kiransa yaƙin 'yan uwa, sai da Siriya da Iran suka zaunar da su a Damaskus tukuna, don kowanne na da ubangidansa kuma iyayen gidan ba sa son faɗan ya ɓata musu tasu tafiyar. Berri ya hau kujerar kakakin majalisa a 1992, har yau bai sauka ba.

Amma in ana neman gwanin sauya sheƙa to Walid Jumblat ne, jagoran Duruz. An kashe mahaifinsa Kamal a Maris 1977, kusan kowa Siriya ya nuna wa yatsa, amma ana gama zaman arba'in ba da jimawa ba Walid ya tafi Damaskus wurin shugaban Siriya Hafiz al-Asad. A 1983 mayaƙansa suka gwabza da na Kiristoci a yaƙin tsauni, dubban Kiristoci suka bar ƙauyukansu na Shuf. A Agusta 2001 ya karɓi shugaban coci Nasrallah Sfair a gidansa na Mukhtara aka yi abin da ake kira sulhun tsauni. Da aka kashe tsohon firaminista Rafiƙ Hariri, mahaifin Sa'ad, ranar 14 ga Fabrairu 2005, Walid ya zama ɗaya daga cikin masu zafin baki a tafiyar 14 ga Maris masu adawa da Siriya, amma a zaɓen wannan shekarar dai shi da ɓangaren Hariri sun yi haɗin gwiwar ƙuri'a da Amal da Hizbullah a wasu mazaɓu. A 2009 ya ja baya daga tafiyar, a 2010 ya koma Damaskus ya gana da Bashar al-Asad da ya gaji mahaifinsa Hafiz, a farkon 2011 ƙuri'un mutanensa ne suka taimaka aka naɗa Najib Miƙati firaminista a madadin Sa'ad Hariri, da rikicin Siriya ya ɓarke kuma ya sake juya wa Bashar baya. Mutane na yi masa ba'a a kan haka, ni dai ina ganin lissafinsa a fili yake: Duruz 'yan tsiraru ne, kujera 8 kacal gare su a majalisa, wanda ke da ƙaramin garke ba ya tsayawa jayayya da kura, duk inda iska ta kaɗa dole ya duba.

Akwai wata kalma da ke tafiya tare da ɗa'ifiyya, za'im, jam'inta zu'ama, wato jagoran da mutanen ɗa'ifarsa ke bi, galibi gado ne daga uba zuwa ɗa, Jumblat ma ya miƙa wa ɗansa Taimur jam'iyya a 2023. Za'im shi ne ƙofar samun aiki, da gadon asibiti, da gurbin makaranta, da belin ɗanka in ya shiga hannu. Saboda haka in ya juya mabiya ma sai su juya, ba don an gamsar da su da hujja ba, don dai ba su da wata ƙofar. Wannan shi ya sa sauya ƙawance ba ya yi wa za'im tsada kamar yadda zai yi wa ɗan siyasar da ke tsaye kan aƙida.

Shi kuma sulhun, wanda suke kira musalaha, yana da salonsa. Akwai jumlar da ake danganta wa tsohon firaminista Sa'ib Salam tun rikicin 1958, la galib wa la maglub, babu wanda ya yi nasara babu wanda aka kayar. Da ita ake rufe kusan kowace rigima. A Mayun 2008 bayan Hizbullah da ƙawayenta sun mamaye yammacin Beirut da makamai, Ƙatar ta kwashi shugabannin zuwa Doha, cikin 'yan kwanaki aka fito da yarjejeniya, aka zaɓi Mishel Sulaiman shugaban ƙasa, 'yan adawa suka samu kashi ɗaya bisa uku da ɗoriya na ministoci wanda ke ba su damar taka wa kowace babbar shawara burki. Lura da abu ɗaya, Ɗa'if, Damaskus, Doha, kusan duk babban sulhu a waje ake ƙulla shi, kuma yana ɗorewa ne iya lokacin da masu ɗaukar nauyin ke jituwa. Da Saudiyya da Siriya suka shirya a 2009 sai ga Sa'ad Hariri a Damaskus a watan Disamba, wurin mutumin da tafiyarsa ta yi shekaru tana zargi da jinin mahaifinsa.

Ba zan ce irin wannan sulhu banza ba ne, wanda aka daina harbi a unguwarsa ya san amfaninsa fiye da mai sharhi daga nesa. Sai dai sulhu ne na manya. Dokar afuwa ta 1991 ta wanke yawancin laifukan yaƙi, shugabannin mayaƙa suka cire kaki suka zama ministoci da 'yan majalisa, Ja'ja' ne kaɗai cikin manyansu ya yi zaman kurkuku, daga 1994 zuwa 2005, shi ma da wata afuwar ya fito. Iyalan mutanen da suka ɓata a yaƙin, waɗanda ake cewa sun kai 17,000, sun yi shekaru suna yawo da hotuna ba wanda ya nuna musu kabari. Littafin tarihi na makarantu ma an kasa yarda a kan yadda za a rubuta yaƙin a ciki.

A Iraƙi abin da sunansa daban, muhasasa, wato rabon kaso, tun bayan 2003 firaminista ɗan Shi'a, kakakin majalisa Sunni, shugaban ƙasa kuma daga cikin Kurdawa, ko da yake ba a rubuta haka a kundin tsarin mulki ba. Can ma faɗan da ya fi zafi a 'yan shekarun nan tsakanin Muƙtada al-Sadr ne da Nuri al-Maliki, duka 'yan Shi'a, kuma Sadr mai rawani ya taɓa shiga zaɓen 2018 tare da jam'iyyar kwaminis.

Matasan Labanon da suka cika tituna daga 17 ga Oktoba 2019, bayan gwamnati ta so saka haraji a kiran WhatsApp, takensu shi ne kullun ya'ni kullun, dukkansu muna nufin dukkansu, don sun lura waɗanda ke zagin juna a talabijin su ne dai ke zama teburi ɗaya in an zo rabo. Kundin tsarin mulkin ƙasar kansa, a sashe na 95, ya ce a kafa kwamiti da zai tsara yadda za a kawar da ɗa'ifiyyar siyasa mataki-mataki, waɗanda aka ɗora wa kafa kwamitin kuwa su ne masu cin moriyar tsarin. Shi kuwa Jumblat, a Disamba 2024, sati biyu da faɗuwar Bashar, ya sake kama hanyar Damaskus, wannan karon wurin Ahmad al-Shara'a da ya karɓi mulkin Siriya.