Zama cikin ruwan ɗumi a gida: amfaninsa da inda ake kuskure

Me ruwan ɗumi ke yi wa jiki idan mutum ya nutsa a ciki?

Abu biyu ke faruwa a lokaci guda. Ɗumin yana buɗe hanyoyin jini na fata da tsoka, jini ya ƙara gudana, tsokar da ta ɗaure ta saki. Shi kuma ruwan yana ɗauke nauyin jiki, ta yadda wanda ya nutsa har wuya gwiwoyinsa da ƙugunsa ba sa ɗaukar komai sai ɗan kaɗan. Shi ya sa mai ciwon baya ko amosanin gaɓɓai ke jin sassauci. Sassauci ne fa, ba warkewa ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi.

Da gaske yana kawo barci?

Yana taimakawa, in an yi shi awa ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya. Bayan an fito, zafin cikin jiki yana sauka, wannan saukar ce ke jawo barci. Wanda ya fito daga ruwan ya faɗa gado nan take, gumi zai hana shi sakat.

Zafin nawa, kuma minti nawa?

Kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. 37 zuwa 38 ya wadatar da yawancin mutane. Minti 10 zuwa 15, sai a fito. A sayi ma'aunin zafi na ruwa, don hannu yana yaudara, musamman da hunturu in yatsu sun yi sanyi. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin shiga, a tashi a hankali ana dafe da bakin kwamin, domin jini na iya sauka mutum ya ga jiri ya faɗi. A Kano lokacin wannan wanka Disamba da Janairu ne. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, babu dalilin ƙara wa jiki wuta.

Su wa ya kamata su kiyaye?

Mai juna biyu, musamman a watanni uku na farko, saboda hauhawar zafin jiki na iya shafar halittar ɗan tayi. Mai ciwon zuciya da mai shan maganin hawan jini su fara jin ta bakin likitansu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi zai iya ƙonewa bai sani ba, in kuma akwai gyambo kada ya shiga sam. Mai farfaɗiya kada ya shiga shi kaɗai. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba wurinsu ba ne.

Mai jego fa, tunda dama muna da wankan jego?

Nan a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa mai yawa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa. Zama cikin kwami kuwa a jira jinin biƙi ya ɗauke, ɗinki ya warke.

Ina aka fi samun matsala da jakuzin gida, wato babban kwamin ruwan ɗumi mai hita da famfo?

A tsaftar ruwan. Kwamin wanka na banɗaki ba shi da wahala, ana gamawa a zubar a wanke. Jakuzi kuwa ruwansa na kwana yana zagaye cikin bututai da ɗuminsa, irin yanayin da ƙwayoyin cuta ke so. Akwai wadda ke fesar da jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi kwana ɗaya ko biyu bayan wanka, galibi inda tufafi ya manne da fata. Akwai Lijiyonela, da ake shaƙa cikin tururi ta haddasa ciwon huhu mai tsanani.

Don haka kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kada ya gaza 3 a takardar gwajin ruwa, ma'aunin tsami ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, a gwada kafin kowace shiga. A wanke matatar ruwan jakuzin duk mako, a canja ruwan gaba ɗaya bayan wata uku zuwa huɗu. In an ɗauke wuta kwana da kwanaki famfon bai juya ba, a ɗauka ruwan ya lalace. A yi wanka da sabulu kafin shiga, domin man shafawa da basilin suna toshe matata, su sa ruwa ya yi dishi-dishi. Ruwan burtsatse mai gauraye da yashi a tace shi tukuna.

Wuta nawa yake ci?

Ɗaga zafin lita 1,000 da digiri 15 yana cin yunit 17 da ɗoriya, wato kusan awa shida da hita mai kilowat 3. Ƙaramin janareta ba zai ja ba. Murfi mai kauri yana rage asarar zafi sosai. Haɗa wutar aikin ƙwararren mai wayarin ne: layinsa daban, da ƙarfen da ake binnewa a ƙasa, da makunnin da ke yanke wuta da kansa da zarar ta zurara cikin ruwa. Hitar bokiti da ake jefawa cikin ruwa kuwa, a cire ta daga soket a fitar da ita kafin a sa ko da yatsa.