Zubin zinare a gida: amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Samarin Aboabo da Asawase a Kumasi, kullum tambayoyin nan ne dai. Zubin da nake nufi shi ne a siffanta zobe da kaki, a sa shi a gwangwani a zuba masa kwaɓaɓɓen gari ya zama mazubi, a narkar da kakin ya fita, a zuba zinare a gurbinsa. Ga amsa a rubuce, ku bar ni in yi aiki.

POP ɗin silin zai yi mazubi?

A'a. Wuta na taɓa shi zai tsage. Garin da maƙeran zinare ke kwaɓa mazubi da shi daban ne: filastar cikinsa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce, saura silika, wato sinadarin yashi, ita ke jure zafi. Zinare tsantsa sai digiri 1064 na Celsius yake narkewa. Ka sa takunkumi in za ka kwaɓa, ƙurar silika tana cin huhu.

Ruwa nawa?

Giram 40 ga giram 100 na gari. Da sikeli, ba da ido ba, ba kunu kake damawa ba. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Wajen minti 9 gare ka kafin ya kama. Ka bubbuga gwangwanin kumfa ta taso, in ba haka ba zoben ya fito da ƙuraje.

Zinare nawa zan narka?

Auna kakin da ka siffanta zoben da shi, ninka sau 16 in karat 18 ne, ƙara ɗan abin da zai cika bakin zubi.

Ba ni da tanda mai ma'auni, kurfoti, wato murhun gawayi, zai yi?

To, nan ne magana take. Zai iya yi, amma ban ɗaukar maka alkawari ba. Maƙeran Asante sun yi ɗaruruwan shekaru suna zubi da kakin zuma a kan gawayi, har yau ana yin na tagulla a Krofofrom kusa da Kumasi, sai dai su yumɓu da garin gawayi suke shafawa, kuma yumɓu ya fi filasta haƙuri da wuta. Filasta tana son a bi ta a hankali. Ka bar mazubin ya yi awa biyu bayan ya kama, ka kife bakinsa ƙasa a gefen wuta kakin ya tsiyaye, sannan ka riƙa matso da shi. Ana son ya kai wajen digiri 730, kada ya zarce sosai, don in ya zarce filastar kan lalace ta ɓata fuskar zinaren. Ba ma'auni, sai ka dubi ramin bakin mazubin: in da baƙi ko hayaƙi, da saura, in ya yi fari tas, ya kusa. Ko wannan ma ba tabbas ba ne, babban gwangwani kan yi fari a baki cikinsa da danshi. Danshi kuwa in ya haɗu da narkakken zinare, tururi ne zai watso maka shi a fuska. Kada ka zuba a mazubi mai sanyi. Ni dai shawarata, fara da ƙaramin gwangwani, kuma da tagulla, in ta lalace ba ka yi kuka ba.

Zan sake amfani da mazubin?

Ta yaya? Sai an farfasa shi zoben ke fitowa.

Na farko ya fito da rami, na daina?

Haba ɗan'uwa! Zinaren bai ɓace ba. Wanke shi, narka shi, sake sabon kaki.

An kawo min zinaren galamsey, wato na masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba, da araha, in narka a ɗaki?

Kul! Sau da yawa da ragowar zaiba a jikinsa, hayaƙinta guba ne, ga yara a gidan haya. Kuma tun 2025 cinikin irin wannan zinaren yana hannun GoldBod, hukumar zinare ta Ghana, ne da waɗanda ta ba lasisi. Tsohon ɗan kunnen Hajiya ya ishe ka koyo, in ta yarda.