Waiwaye: Yadda ƙungiyoyi ke raba gari da tsofaffin gwarazansu

A ƙarshen kakar 2024/2025, manyan ƙungiyoyin Turai uku sun buɗe wa gwarazansu ƙofa kusan lokaci guda. Bayern Munich ta ƙi sabunta kwantiragin Thomas Müller, wanda ya shiga ƙungiyar yana ɗan shekara 10 ya kuma yi shekara 25 a cikinta. Shi da bakinsa ya ce ba haka ya so ba. Manchester City ta bar Kevin De Bruyne ya tafi bayan shekara 10 da kofin Firimiya 6, ya kuma shaida wa 'yan jarida cewa ko tayi ba a yi masa ba. Real Madrid ta sallami Luka Modrić bayan shekara 13. Müller ya nufi Vancouver a Kanada, De Bruyne ya koma Napoli, Modrić kuma AC Milan. Magoya baya suka ɗauko maganar da suka saba ɗaukowa, wato an ci moriyar ganga an yada kwaurenta.

Zargin yana da daɗin faɗa. Sai dai idan aka koma baya, za a tarar cewa daɗewar ɗan wasa a ƙungiya guda, wadda yau ake yi wa kallon amana, tun farko dole ce ta haife ta.

A Ingila an halasta biyan 'yan ƙwallo albashi a 1885. Shekara takwas bayan haka, a 1893, hukumar gasar ta kafa tsarin da ya bai wa ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Idan ta yi masa sabon tayi ya ƙi, ba ta biyansa, kuma ba shi da damar buga wa wata ƙungiyar gasar sai ta yarda. A 1901 aka ƙara da ƙayyade albashi: kada ya wuce fam 4 a mako. Wanda ba zai iya tafiya ba, kuma ko ya tafi albashin ɗaya ne, me zai hana shi yin shekara 15 a wuri guda? Ranar da ƙafarsa ta yi nauyi kuwa, sunansa ne kawai zai fita daga jerin waɗanda aka riƙe.

Abin da ake share masa hawaye da shi shi ne wasan karramawa, al'adar da ƙwallo ta aro daga kurket. Ana shirya wasa a bai wa ɗan wasan kuɗin tikiti, ya samu jarin kama sana'a. Daga baya al'adar ta zauna a kan shekara 10 na hidima. A 1927 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta yanke hukunci a shari'ar James Seymour, ɗan wasan kurket na Kent, cewa irin wannan kuɗi kyauta ce, ba albashi ba ne, don haka babu haraji a kansa. Hukuncin ya yi wa 'yan wasa daɗi, amma ya bayyana matsayinsu ƙarara. Sallamar tsohon ɗan wasa alfarma ce, shugabannin ƙungiya su ga dama su yi, su ga dama su hana.

A Amurka ma haka abin yake. Tun 1879 masu ƙungiyoyin besbol suka sa wani sharaɗi a kwantiragi da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har sai ita ta gaji da shi. Babe Ruth, wanda ya cika wa New York Yankees filin wasa tsawon kaka 15, ya so a ba shi horar da ƙungiyar, aka hana shi, a 1935 aka sake shi ya tafi Boston Braves, inda ya yi 'yan watanni ya ajiye wasa. Daga wannan duniyar ta besbol ne aka samu ƙa'idar da ake jingina wa Branch Rickey, wani shahararren jami'in ƙungiyoyin besbol, cewa gara ka rabu da ɗan wasa da saura shekara guda a jikinsa da ka riƙe shi har ya wuce da shekara guda. Har gobe daraktocin wasanni da ita suke aiki, ko sun san mai ita ko ba su sani ba.

Ko Alfredo Di Stéfano bai tsira ba. Ya ci wa Real Madrid kofin Turai 5 a jere daga 1956 zuwa 1960, yana zura ƙwallo a kowane wasan ƙarshe. Da Inter Milan ta doke su a wasan ƙarshe na 1964, shugaban ƙungiyar Santiago Bernabéu ya yi masa tayin aiki a wajen fili. Ya ce shi da sauransa, ya tafi Espanyol yana da shekara 38, zumuncinsa da Bernabéu kuma ya yi tsami.

Sarƙar ta fara tsinkewa a 1961, lokacin da ƙungiyar 'yan wasan Ingila ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka soke ƙayyade albashi, wanda a lokacin ya kai fam 20. A 1963 George Eastham ya yi nasara a kan Newcastle United a kotu, alƙali ya ce riƙe ɗan wasa bayan kwantiraginsa ya ƙare tauye masa hanyar neman abinci ne.

Amma shari'ar da ta fi shafar tsofaffin 'yan wasa kai tsaye ita ce ta Curt Flood, ɗan wasan besbol na Amurka. Bayan kaka 12 a St. Louis Cardinals, a 1969 aka yi musayarsa zuwa Philadelphia ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Ya rubuta wa kwamishinan besbol Bowie Kuhn cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, sana'arsa kuma ta mutu a kan hanya. Shekara guda bayan haka ƙungiyar 'yan wasa ta samo ƙa'idar da ke cewa duk wanda ya yi shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya guda, ba a musayarsa sai da amincewarsa. Ron Santo na Chicago Cubs ne ya fara amfani da ita a ƙarshen 1973. A 1975 aka karya tsohon sharaɗin nan na 1879 gaba ɗaya. Turai sai da ta jira har ranar 15 ga Disamba 1995, lokacin da kotun Tarayyar Turai ta bai wa ɗan Beljiyam Jean-Marc Bosman gaskiya: wanda kwantiraginsa ya ƙare zai iya komawa wata ƙasar tarayyar ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba.

'Yanci ya samu, albashi ya haura, amma lissafin ya juya wa masu shekaru baya. Ƙungiya tana raba kuɗin da ta sayi ɗan wasa a kan shekarun kwantiraginsa a littafin kuɗinta, tana sa ran sayar da shi wata rana. Yaro ɗan shekara 23 farashinsa na iya ninkawa. Mai shekara 33 kuwa albashinsa ya kai ƙololuwa daidai lokacin da babu mai sayensa, rauninsa kuma yana daɗewa bai warke ba. Daga nan aka ƙirƙiro manufar da ta zama ruwan dare, wato wanda ya haura 30 shekara ɗai-ɗai ake sabunta masa. Arsenal ta zamanin Arsène Wenger ta yi suna a kanta. Dennis Bergkamp ya haƙura da ita har ya yi ritaya a 2006, Robert Pirès kuwa a wannan shekarar ya tafi Villarreal da ta ba shi shekara biyu. Chelsea ta bi sahu, har Frank Lampard, wanda ya fi kowa ci mata ƙwallo da 211, ya bar ta a 2014.

Manufar takan ci, takan kuma faɗi. AC Milan ta bar Andrea Pirlo ya tafi kyauta a 2011 bayan shekara 10, tana ganin ya ƙare. Ya koma Juventus ya ci gasar Italiya sau 4 a jere. Barcelona ta tura Luis Suárez Atlético Madrid a 2020, ya ci ƙwallo 21 a La Liga ya ɗauke kofin da su. Waɗannan su ake yawan tunawa, don labarin ramuwar gayya ya fi shiga kunne. Ba a cika tuna Sergio Ramos ba, wanda Real Madrid ta yi wa tayin shekara guda da ragin albashi a 2021, ya ja ciniki, da ya dawo ya ce ya amince aka ce masa wa'adin tayin ya wuce. Rauni ya cinye masa mafi yawan kakarsa ta farko a PSG, Real kuwa ta ci La Liga da kofin Zakarun Turai a 2022. A gani na, idan aka tara irin waɗannan hukunce-hukunce aka auna, ƙungiyoyi sun fi yin daidai fiye da yadda magoya baya ke son amincewa.

Riƙewa ma tana da nata farashin. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta bai wa Kobe Bryant kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 48.5 a 2013, yana jinyar tsinkewar jijiyar dunduniya. A kakarsa ta ƙarshe ƙungiyar ta ci wasa 17 ta sha kashi a 65. Filin dai yana cika, kuma masu ƙungiyar sun san abin da suka saya.

Sai kuma dokokin ƙayyade kashe kuɗi, waɗanda suka bai wa shugabanni dalili, wani lokaci kuma mafaka. Gasar NFL, wato ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ta sa iyaka a jimillar albashin kowace ƙungiya tun 1994, kuma yawancin kuɗin da ke kwantiraginta ba tabbatacce ba ne: idan aka sallame ka, abin da ya rage ya tafi. Haka San Francisco 49ers ta saki Jerry Rice a 2001 bayan kaka 16. Haka Indianapolis Colts ta saki Peyton Manning a Maris 2012, bayan tiyatar wuya ta hana shi kaka guda, ana dab da ranar biyansa dala miliyan 28. Ya je Denver ya ci kofin gasar a 2016. A besbol kuwa kwantiragi tabbatacce ne, shi ya sa da Los Angeles Angels ta sallami Albert Pujols a Mayu 2021, sai da ta ci gaba da biyan ragowar yarjejeniyarsa ta shekara 10 mai dala miliyan 240. Bambancin ya samo asali ne daga ƙarfin ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a kowace gasa, ba daga tausayin masu kuɗi ba.

Mafi girman misalin tasirin waɗannan dokoki shi ne na Lionel Messi. Ya amince a zaftare rabin albashinsa, amma ranar 5 ga Agusta 2021 Barcelona ta sanar cewa dokar kuɗi ta La Liga ba za ta bari a yi masa rajista ba. Bayan kwanaki shugaban ƙungiyar Joan Laporta ya ce bashin da ke kanta ya kai yuro biliyan 1.35. Mutumin da ya ci ƙwallo 672 a wasa 778 ya tafi yana kuka saboda ɓarnar da wasu suka yi a ofis.

Idan ka saurari 'yan wasan da kyau, ba kasafai hukuncin kansa ne ke ƙona musu rai ba. Yadda aka isar da shi ne. A Oktoba 2011 shugaban Juventus Andrea Agnelli ya sanar a taron masu hannun jari cewa wannan ce kakar Alessandro Del Piero ta ƙarshe, alhali Del Piero na cikin waɗanda suka tsaya da ƙungiyar lokacin da aka jefa ta rukuni na biyu a 2006. A Yuli 2015 Iker Casillas, bayan shekara 25 a Real Madrid, ya zauna shi kaɗai gaban 'yan jarida yana karanta takardar ban kwana cikin hawaye, babu shugaba ko ɗaya a gefensa. Surutu ya yi yawa har washegari Florentino Pérez ya shirya wani bikin a gaggauce. Suárez kuwa gajeren kiran waya ya samu daga koci Ronald Koeman. A 2022 Bobby Wagner ya ce bayan shekara 10 a Seattle Seahawks ta gasar NFL ba daga bakin ƙungiyar ya ji an sallame shi ba, daga baya shugabanninta suka amsa laifinsu. Duk waɗannan ba matsalar kuɗi ba ce. Zama na rabin awa da mutum, watanni kafin kaka ta ƙare, ba ya shiga lissafin kowace doka.

Ƙungiyoyi sun koyi darasi, ko a ce sun gane cewa ban kwana ma haja ce. Yanzu akwai bidiyon tarihi, da jeren girmamawa, da muƙamin jakadan ƙungiya. Manchester City ta kafa mutum-mutumin Vincent Kompany da David Silva da Sergio Agüero a harabar filinta. A Amurka ana sa hannu a kwantiragin kwana ɗaya don mutum ya yi ritaya da rigar gida, kamar yadda Rice ya yi da 49ers a 2006. Wasan karramawa ya canza manufa tun da Niall Quinn ya sadaukar da kuɗin nasa na 2002 a Sunderland ga asibitocin yara, kuma daga Afrilu 2017 Birtaniya ta fara karɓar haraji a kan abin da ya haura fam 100,000. Ga kuma gasar Amurka da ta Saudiyya suna jiran manyan sunaye da albashin da wani lokaci ya fi wanda suka baro.

Wannan duk labarin 'yan ƙalilan ne. A ƙarshen kowace kaka ƙungiyoyin Ingila na fitar da jerin waɗanda suka riƙe da waɗanda suka saki, kuma yawancin sunayen da ke ɓangare na biyu na ƙananan rukunai ne: mai tsaron baya ɗan shekara 32 da ya yi kaka 9 a ƙungiya guda, gwiwarsa ta lalace, albashinsa bai taɓa isar ya yi ajiyar kirki ba. Saboda irinsu ne ƙungiyoyin 'yan wasa a Faransa da Sifaniya da Ingila ke buɗe sansanin atisaye ga marasa kwantiragi kafin sabuwar kaka, suna shirya musu wasannin sada zumunta ko wani koci zai ƙyalla ido. A 2020 kuma FIFA da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO suka kafa asusun dala miliyan 16 domin waɗanda ƙungiyoyinsu suka durƙushe da albashinsu a hannu.