Ranar gwajin jini, a zo da ƙwayar a aljihu

Wani dattijo bahaushe mazaunin Makka ya iso mana asibiti a Jidda da sassafe, ɗansa na riƙe da hannunsa. Shekara biyu ke nan yana shan imatinib saboda kansar jini, kuma likita ya rubuta a auna yawan maganin da ke jikinsa. Kafin in ɗaura masa robar ɗaukar jini na ce, "Baba, yaushe kuka sha na ƙarshe?" Ya ce, "'Yata, ai ni ba na wasa da shi. Ina idar da sallar asuba na karya na haɗiye." Wallahi na ji nauyin gaya masa cewa yau ba za a ɗibi jinin ba, sai sun sake dawowa. Laifin namu ne, ba mu yi masa bayani da harshen da zai gane ba.

Imatinib da ire-irensa sun bambanta da ƙarin ruwan kansa da aka saba gani. Ƙwayoyi ne da ake sha a gida kullum, an ƙera su su toshe wani sinadari guda da ciwon ke rayuwa da shi. Imatinib ya fito a 2001, kuma ya mayar da wata irin kansar jini da a da take kisa cikin 'yan shekaru ciwon da mutum kan rayu da shi har ya tsufa. Akasari ana fara babba da miligiram 400 a rana, ƙato da siriri duk ɗaya. To amma jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Hanjin wani ya fi tsotse magani, hantar wani ta fi saurin narkar da shi. Mutum biyu su sha ƙwaya iri ɗaya, a samu jinin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa. Wanda nasa ya yi ƙasa, ciwon na iya samun kafar farfaɗowa alhali yana shan magani. Wanda nasa ya yi yawa, shi ne za ka ga fatar idonsa ta kumbura da safe, ƙafa na ɗaurewa da dare, zuciya na tashi, har ya gaji ya fara tsallake kwana bai gaya wa kowa ba.

Abin da likita ke nema shi ne mafi ƙarancin maganin da ya rage a jini, dab da lokacin shan na gaba. Ga imatinib, ana son ya kai kusan nanogiram 1000 a kowace mililita. Idan ka sha ƙwayar sannan aka ɗibi jini, sakamako zai nuna magani cike, likita ya ɗauka komai lafiya, ko ma ya rage maka alhali ƙari kake buƙata. Abin da ya sa na mayar da Baba ke nan. Haka kuma ba a yin gwajin washegarin fara magani ko canza adadinsa, sai an bari ya zauna a jiki, galibi mako ɗaya zuwa biyu.

Inda na fi son a saurare ni shi ne batun abin da ake haɗawa da maganin. Wata Hajiya da ke kan dasatinib, ɗaya daga cikin magungunan nan, ta zazzage mini jakarta a kan tebur, sai ga kwalin omeprazole da jikarta ta sayo a saidaliyya, wato kantin magani, saboda ƙwannafi. Ta ce, "Wannan ai ba magani ba ne, na ciki ne kawai." Shi kuwa dasatinib sai da tsamin ciki yake narkewa, mai rage tsamin irin omeprazole yana hana jiki ɗaukarsa. Haka erlotinib da pazopanib, su ma ƙwayoyin kansa ne. Rifampicin na tarin fuka, da phenytoin da carbamazepine na farfaɗiya, suna sa hanta ta share yawancin waɗannan magunguna da wuri. Taba sigari na rage erlotinib a jini. Babban lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut, shi kuma ƙara yawan maganin yake yi, don haka a kauce masa da ruwansa. Jiƙo da garin gargajiya da 'yan'uwa ke kawowa tsaraba daga gida lokacin umara, a kawo su mu gani. Ba za mu yi faɗa ba.

Abinci ma da nasa. Imatinib da abinci da babban kofin ruwa ake shan sa. Nilotinib kuwa sai ciki ba komai, awa biyu bayan cin abinci, kuma a jira awa ɗaya kafin a ci wani, domin abinci na sa ya hau da yawa har ya taɓa bugun zuciya. Mai niyyar azumi ya zo tun Sha'aban mu tsara lokutan tare da likita, kada ya haɗiye shi a kan sambusa da shurba da buɗa-baki.

Ba kowane asibiti ke yin wannan gwaji ba, ba kuma kowane magani ake yi wa ba, wani lokaci tura jinin ake yi babban ɗakin gwaji, sakamako ya ɗau kwanaki. Gwajin ba ya maye gurbin hoto ko gwajin da ke nuna yadda ciwon kansa ke ja da baya. Amma idan magani na wahalar da kai, ko likita ya ce ciwon ba ya saurara, ka tambaye shi ko za a iya aunawa. Kada ka raba ƙwaya ko ka ƙara da kanka. In ka tsallake kwanaki, ko maganin ya yanke maka saboda kuɗi ko takardu, faɗi gaskiya, don kada a ƙara maka adadi a kan kuskure.

Baba ya dawo bayan kwana uku, ƙwayar na naɗe a takarda cikin aljihun jallabiyarsa, ɗansa ya rubuta lokacin shan ta jiya a waya. Na ɗibi jinin, na miƙa masa ruwa da gurasa, ya sha a gabana.