Mece ce damfarar "kwamfutarka ta kamu da bairos"?

Wannan damfara ce da ta fara yaɗuwa a duniya tun wajejen 2008, kuma har yau tana cin mutane. Abin da ake nufi da ita shi ne wani ya bugo maka waya ko ya turo imel, ya ce shi ma'aikacin Microsoft ne ko Apple, wai sun hango bairos, wato muguwar manhaja mai cutar da na'ura, a kwamfutarka yana lalata fayil-fayil ɗinka, in ba a cire shi yanzu-yanzu ba komai zai salwanta har kuɗin da ke akawun ɗinka na banki. Alhali bai ga komai ba wallahi, bai ma san ko kana da kwamfuta ba, lambobi kawai yake bi yana bugawa har ya dace da wanda zai tsorata.

Microsoft da kansu sun sha faɗa cewa ba sa kiran mutum haka kawai don su gyara masa na'ura, kuma saƙon gargaɗi na gaskiya daga Windows, manhajarsu da ke tafiyar da kwamfuta, ba ya zuwa da lambar waya. To duk lokacin da ka ga shafi ya rufe sikirin ɗinka da ja yana ƙara yana cewa ka kira wata lamba, shafin intanet ne kawai ya cika fuska, rufe burauza ɗin, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, ka huta. Sunan da ya fito a wayarka ma kar ya ruɗe ka, ana iya ƙirƙirarsa.

Inda suka fi ƙwarewa shi ne kawo "shaida". Sai ya ce ka buɗe wani wuri a Windows mai suna Event Viewer, kana buɗewa za ka ga jerin alamomi ja da ruwan ɗorawa rututu, ya ce ka gani ko, duk bairos ne wannan. Gaskiyar magana kowace kwamfuta mai lafiya tana da su, littafin da na'ura ke rubuta ƙananan tangarɗa ne na yau da kullum, amma wanda bai taɓa leƙa wurin ba dole gabansa ya faɗi, kuma ni abin da ke min ciwo kenan, don dattawa da sabbin shiga harkar kwamfuta su aka fi cuta. Daga nan sai ya ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer. Manhajoji ne na halal da masu gyara na gaskiya ke aiki da su, sai dai da zarar ka karanta masa lambar da ta fito, ka miƙa masa makullin ɗakinka ne, yana ganin duk abin da kake gani yana juya linzamin kwamfutar daga inda yake. Wani zai karɓi kuɗin gyaran ƙarya, wani ya sa ka shiga akawun na banki yana kallo, wani kuma a lokacin ne zai dasa maka bairos na gaske. In ka ji an ce ka biya da katin kyauta na Google Play ko da kirifto, wato kuɗin intanet, magana ta ƙare, ɓarawo ne.

Ta imel kuwa, yawanci rasit na bogi ne da tambarin Norton ko McAfee, masu sayar da manhajar kare kwamfuta daga bairos, wai an sabunta maka rajista an cire kuɗi masu yawa, in ba ka yarda ba ka kira wannan lamba. Ka ga nan kai da kanka za ka kai kanka wurinsu. Wasu kuma fayil suke liƙowa, kana dannawa cutar ta shiga, dabarar da bairos ɗin ILOVEYOU ya bi kenan a 2000 ya kama miliyoyin kwamfutoci. Duba ainihin adireshin da ya turo saƙon, ba sunan da aka rubuta a sama ba.

In har an riga an shigar maka, kar kunya ta sa ka yi shiru. Katse intanet nan take, cire manhajar da suka sa ka sauke, ka canza fasuwod ɗinka daga wata na'urar daban, sannan ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka. Ka kuma zauna cikin shiri, don sukan sake bugowa bayan 'yan kwanaki su ce za su mayar maka da kuɗinka, wannan zagaye na biyu ne na damfarar.