Sauya salo: abin da ke sa a ce "an ɓata na biyun"

A shagunan tura finafinai a waya da ke Gusau, za ka ji matashi ya ce, "Kar ka sa min na biyun, an ɓata shi." Idan fim ɗin ban tsoro ne, yawanci sauya salo yake nufi. Wato fim ya fara da razana mutane, amma a kashi na biyu ko na uku sai masu shirya shi su karkata zuwa barkwanci. Suna bai canza ba, dodon ma shi ne, amma yanzu ba'a yake yi.

Dalilin a fili yake. Tsoro yana rayuwa ne a kan abin da ba ka sani ba. Da zarar ka ga fuskar dodo, ka san yadda yake kisa da yadda ake kashe shi, kwarjininsa ya ragu. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Sake gina fargaba aiki ne mai wuya, sai a ɗauki hanya mai sauƙi, a sa wa dodo baki ya riƙa zuba zance.

Haka aka yi wa Chucky, 'yar tsanar nan mai kisa. A 1988 ya hana yara barci. A 1998 aka yi masa amarya, a 2004 har da ɗa da rikicin cikin gida. Sai a 2013 aka dawo da shi kan turbar tsoro. Haka ma M3GAN, fim ɗin wata 'yar tsana mutum-mutumi mai kisa: na farko ya tara kusan dala miliyan 180, amma na biyunsa da ya fito a 2025, wanda ya koma faɗa da raha, bai kai miliyan 40 ba.

Ni a ganina masu ƙorafin suna da gaskiya. Mutum ya biya kuɗin turi, ya jira dare, ya kashe fitila don a firgita shi, sunan fim ɗin ne ya yi masa wannan alkawari. Idan aka saɓa, har na farkon yakan rage armashi, domin ba ka sake jin tsoron wanda ka riga ka yi wa dariya.

Ba dariyar ce laifi ba. Stree na Indiya, wanda ya fito a 2018, tun daga farko ya haɗa tsoro da barkwanci, shi ya sa da na biyunsa ya zo a 2024 da irin wannan salo, jama'a suka yi tururuwar kallonsa.